Ango, Ka Ɗaga Tafiyar Rodos Zuwa Satumba

Assalamu alaikum Ango,

Ina fata kana lafiya, kai da amarya da su Hajiya. Sai a bakin Yaya Babba na ji wai kun tsayar da Agusta za ku zo tsibirin Rodos hutu. Haba mutumina! Ina zaune a Girka, amma ka yanke shawara kai kaɗai kamar yadda ka yi ranar sayen tsohuwar motar nan? To, na yafe, amma ka saurare ni.

Kada ku zo a Agusta. Na san za ka ce ɗan Sakkwato ba ya tsoron rana. A gida kana da rumfa da zaure, a nan kuwa yini za ku yi kuna taka dutse kuna hawan tudu, ga cunkoso, ga kuɗin masauki ya kai ƙololuwa. Abin da ya fi damuna shi ne gobarar daji. A Yulin 2023 wuta ta ci kudancin tsibirin, wajajen Kiotari da Lardos, har aka kwashe mutum kusan 20,000, wasu ta jirgin ruwa. Ciyawa ta bushe, iska tana kaɗawa, tartsatsi ɗaya ya isa. Ku zo a makon farko ko na biyu na Satumba: ruwan teku bai huce ba, rana ta sassauta, yaran Turai sun koma makaranta. Ka ajiye lambar agajin gaggawa, 112, a waya, kuma duk saƙon gargaɗin da ya shigo ka bi shi nan take.

Biza ka fara nema tun yanzu. Ta Shengen ce, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai, kuɗinta Yuro 90, ana karɓar takardu tun saura wata shida. Sai inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma fasfo ya kasance da sauran wata uku bayan ranar komawarku. Ka duba na amarya da idonka, a nan mutane ke tuntuɓe. Daga Atens jirgin sama kamar awa ɗaya ne. Na ruwa daga Piriyas, tashar jiragen ruwan Atens, ya haura awa goma sha biyu, ban ba ka shawararsa ba.

Af, da gaske ne Kawu ya ƙara aure? Wallahi da na ji sai da na ajiye waya na yi ta dariya. Ka ce masa ina jiran goro.

Masauki ka kama a gabashin tsibirin. Yamma iska ce da igiyar ruwa da tsakuwa, gabas kuwa ruwa kwance. Bakin tekun Tsambika yashi ne mai laushi, kuma sai ka yi nisa kafin ruwan ya kai maka ƙirji, ya dace da wanda iyakar iyonsa gulbin Rima. A inda duwatsu suke ku sa takalmin roba, saboda akwai wata halittar ruwa baƙa mai ƙaya kamar bushiya. In ka taka ta, ƙayar karyewa take yi a cikin tafin ƙafa.

Kwarin Petaludes kada ya wuce ku, kilomita 25 ne ko kusa da haka daga birnin Rodos. Dubban malam-buɗe-littafi ke taruwa a can daga Yuni zuwa Satumba, ƙamshin ƙaron wata bishiya ke jawo su. Za ka gan su manne a jikin itace da dutse, baƙi da ratsin fari, sai sun buɗe fiffike ka ga ja a ciki. Don Allah kada ka tafa hannu ko ka yi fito don su tashi ka ɗauki hoto. A wannan lokacin kusan ba sa cin komai, da ƙarfin da suka tara suke rayuwa, duk tashin banza yana ƙarar da su kafin su yi ƙwai. Ka ga wani dalilin da na ce farkon Satumba, don a ƙarshen wata sun ragu sosai.

Lindos ku tafi da sassafe, kilomita 50 ne, mota ba ta shiga cikin garin, kuma hawa ne har saman tudun da tsohon ginin yake. Dutsen hanyar ya goge yana da santsi, amarya ta bar takalmi mai tsini a ɗaki.

Tsohon birnin Rodos kuwa ku ba shi yini guda. Ganuwar ta mayaƙan Kirista ce da suka riƙe tsibirin daga 1309 har Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ya karɓe shi a 1522. Har yau akwai Musulmi 'yan asalin wurin, kuma ana Juma'a a masallacin Ibrahim Pasha da ke cikin ganuwa. Wajen abinci ka kula: naman da suke gasawa a tsaye su naɗe cikin gurasa yawanci na alade ne. Na kaza ma a kan teburi ɗaya ake yanka shi. Ku tsaya ga kifi, da ganye da cuku da zaitun.

In ka sami ranar ganawa a ofishin biza ka sanar da ni. Ka taho mini da yaji da kilishi... a'a, bar kilishin, ba a shiga Turai da nama, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Yajin ya isa. A gaida Hajiya da kyau, a ce mata ina neman addu'a.

Naka har kullum,
Abokinka na Atens