Wasiƙa daga Rehobot ta ƙasar Isra'ila, daren kyandir na takwas

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya hunturu? Nan damina ce da sanyi a haɗe. Karatu na tafiya, alhamdu lillahi.

Yau ne daren ƙarshe na bikin Yahudawa da suke kira Hanuka, shi ya sa na ce bari in ba ku labari. Tsohuwar da nake haya a gidanta, wadda aka zo da ita goye daga Yaman a 1949, ta kira ni in ga yadda ake yi. Inna, kwantar da hankalinki, kallo kawai na yi, sai fanken da na ci. Sufganiya suke ce masa, ana cusa masa jam a ciki, mai har gwiwar hannu.

Fitilar kyandir da ake kunnawa a bikin tana da gurbi tara. Takwas na dararen bikin ne, na taran kuwa hadimi ne, da shi ake kunna sauran. Daren farko ɗaya, na biyu biyu, har zuwa yau da aka cika. Kwalin kyandir ɗaya 44 ne cif, ya ishi bikin duka. A bakin taga take ajiye ta, wai dole mai wucewa ya gani.

Asalin abin, a shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Antiyokus na huɗu, Bagirke mai mulki daga Siriya, ya hana Yahudawa kaciya da hutun Asabar, ya mai da ɗakin ibadarsu na Ƙudus wurin tsafi. Wani dattijon limami a ƙauyen Modi'in ya ce ba za ta saɓu ba, shi da 'ya'yansa biyar suka shiga duwatsu. Ɗansa Yahuda Makabi ya ƙwato wurin a 164. Malamansu sun ce da aka shiga, tulun man zaitun mai tsarki ɗaya tak aka tarar, na kwana guda, amma ya ci kwana takwas. Soye-soyen nan duk don tunawa da man ne. Har ƙungiyoyin ƙwallon da Yaya yake ji, Maccabi Haifa da Maccabi Tel Aviv, sunan mutanen nan suka ci.

Amma abin da ya tsaya mini a rai katantanwar wasan jikokin tsohuwar ce. Mai fuska huɗu ce, kowace da harafi, in aka haɗa ana nufin "babbar mu'ujiza ta faru a can". Haka ake rubutawa a Turai da Amurka har gobe. A ƙasar nan sun cire harafin ƙarshe sun sa wani, ta koma "a nan". Romawa sun rushe ɗakin ibadar a shekara ta 70, suka kwashe fitilar zinariya mai rassa bakwai, hotonta na nan sassaƙe a kan ƙofar Titus a birnin Rum. Wannan hoton suka ɗauko ya zama tambarin ƙasarsu a 1949. Harshen Ibrananci ma da ya daɗe a littafi da addu'a, yau da shi ake cinikin tumatir. Ni da nake cewa "can gida" sau goma a yini, na san nauyin kalmar nan.

Na san abin da Baba zai ce, kuma da gaskiyarsa. Abokin aikina a gonar gwaji Balarabe ne, kakansa ɗan Zarnuƙa, ƙauyen da ke manne da garin nan kafin a kori mutanensa a 1948. Da na ba shi labarin katantanwar, shiru ya yi, can ya ce shi kakan nasa har ya rasu "can" yake cewa. Ban sami abin ce masa ba.

Na tura kuɗin ta hannun Yaya, a cire na maganin Inna tukuna. A gaida Gwaggo da su Auta, a ce ta dage da karatu. In an sami mai tahowa, don Allah a ƙullo mini yaji da kuka, nawa ya ƙare tun watan jiya.

Ku ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku