Ba fashewar tauraro ce ta kawo tsunamin 2004 ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan wani saƙo da aka turo mini ta WhatsApp, wai wata fashewa a sararin samaniya ce ta haddasa tsunamin Tekun Indiya a 2004, wato manyan igiyoyin teku da suka mamaye garuruwan gaɓa. Ni malamin kimiyya ne, kuma abin ya sosa mini rai, domin an ɗauki abin al'ajabi na gaske an cakuɗa shi da ƙarya.

Girgizar ƙasar da ta haddasa tsunamin ta auku ne ranar 26 ga Disamba, kusa da tsibirin Sumatra. Hasken fashewar kuwa sai ranar 27 ya iso duniya. Ta yaya abin da ya zo daga baya zai jawo wanda ya riga shi?

Ita fashewar ta faru, babu shakka. Daga tauraron SGR 1806-20 ta fito, irin waɗanda masana ke kira magneta. Gawar ƙaton tauraro ce da ta dunƙule, faɗinta bai wuce kilomita 20 ba, amma ta fi rana nauyi, kuma ba a san wani abu da ya kai ta ƙarfin maganaɗisu ba. Wannan maganaɗisun ne ke murɗa ɓawon tauraron har ya tsage, sai hasken gamma, wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani, ya ɓalle. Cikin abin da bai kai rabin daƙiƙa ba, ya fitar da makamashin da rana za ta shafe fiye da shekara 100,000 tana fitarwa. Duk da hasken ya yi tafiyar dubban shekaru kafin ya iso, sai da ya dushe na'urorin taurarin ɗan'adam, ya kuma taɓa saman iskar da ke lulluɓe da duniya. A nan ya tsaya, bai kai ƙasa ba, balle ƙarƙashin teku.

An ga irin wannan fashewa ranar 5 ga Maris, 1979, da kuma 27 ga Agusta, 1998. Ta 1979 ɗin ce ta taimaka wa masana taurari Robert Duncan da Christopher Thompson suka kawo bayanin magneta a 1992.

Roƙona, Malam Edita, ku ware shafi na ilimin taurari ko da sau ɗaya a wata. Ɗalibaina suna ɗokin irin wannan labari, kuma na fi so su karanta shi da Hausa daga wurin waɗanda suka tantance shi.

Wassalam.
Naku mai karatu,
Malamin kimiyya a makarantar sakandare