Wasiƙar godiya ga Injiniya da yaran shagonsa na gyaran kwamfuta a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum Injiniya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago. Na ga ya dace in rubuta wannan godiya a fili, domin mu masu shagunan buga takardu a garin nan muna da yawa, kuma kusan ciwonmu ɗaya ne. Ka roƙe ni kada in ambaci sunan shagon, na kuwa bi maganarka, amma wanda ya san aikinka zai gane wa nake nufi.

Kowa ya san yadda ake yi a kasuwarmu. Da zarar kwamfuta ta yi nauyi ko ta fara tsayawa, magana ɗaya ce: a yi mata fomatin. A share komai, a ɗora Windows daga wani filashi da ba wanda ya san asalin abin da ke cikinsa, a kashe sabuntawa gaba ɗaya don kada ta cinye data, a miƙo maka kayanka. Sai ka koma shago ka tarar firinta ba ta amsawa, salon rubutun da ka tara shekara da shekaru ya tafi, manhajar zane ta CorelDRAW babu, ga ɗaliban kwalejin fasaha ta Waziri Umaru a tsaye suna jiran furojet ɗinsu. Mai gyara ya fi son fomatin saboda ya fi sauri kuma ba ya buƙatar dogon tunani.

Kai ba haka ka yi da kwamfutocina ba. Sai da ka duba kowacce ita kaɗai, sannan ka zaunar da ni ka yi mini bayani. Ka ce Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, shekara goma bayan fitowarta a 2015. Na'urar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da tashi kamar kullum, sai dai facin tsaro da ake aikowa kowace Talata ta biyu a wata ya tsaya. Ka tuna mini da cutar WannaCry ta watan Mayun 2017, wadda ta durƙusar da kwamfutocin asibitoci a Ingila, alhali tun watan Maris na shekarar aka fitar da facin da ke toshe ƙofar da ta bi. Waɗanda ta kama yawanci ba su sabunta ba ne. Mu kuwa a nan har alfahari muke yi da kashe sabuntawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne hanyar da ka bi da waɗanda za su iya ɗaukar Windows 11. Ni a sanina abu biyu ne kawai, ko ka bar kwamfuta ta sabunta kanta ta intanet, ko ka share ta ka sake sabon zubi. Ashe akwai ta uku. Ka sauke fayil ɗin girkawa daga shafin Microsoft kansa, sau ɗaya tak, da dare lokacin da layi ya yi sauƙi, domin girmansa ya haura gigabait 5. Ka zuba shi a filashi, ka buɗe shi daga cikin tsohuwar Windows tana aiki, ka zaɓi a bar fayiloli da manhajoji a inda suke. Da filashi ɗayan nan aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Da kowacce ta sauke nata, kuɗin data kaɗai ya isa ya hana ni barci. Kuma ba ka fara ba sai da ka jona su a inbata, don ka ce ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya barin na'ura ta kasa tashi. Yaronka ma ya ja kunnena kada in taɓa jakar Windows.old, domin da ita ake komawa baya cikin kwana 10 idan wani abu ya ƙi tafiya.

Guda ɗaya ce ka yi wa cikakkiyar shara, wadda ke karɓar filashin kwastomomi. Ita cuta ta riga ta yi mata katutu, irin mai ɓoye fayiloli ta bar maka gajerun hanyoyi na bogi. Ka ce ɗakin da ke yoyo yaɓe yake so, amma wanda gara ta cinye wa azara sai an sauke rufin. Idan aka ɗora sabuwar Windows a kan wannan, cutar za ta biyo ta. Ko a nan ma sai da ka kwashe takardun a wani faifai, ka tace su, ka sa na duba da idona cewa sun cika, kafin ka share. Lasisinta kuma ya dawo da kansa da aka jona ta da intanet, ba ka caje ni kuɗin sabo ba, ko da yake da ka nema da ban san bambanci ba.

Sauran biyun 'yan Beljiyam ne tsofaffi, ba su da guntun tsaro na TPM 2.0, kuma injinsu bai kai zubi na 8 na injinan kamfanin Intel ba, wanda galibi daga nan Windows 11 take farawa. Na san akwai dabarar tsallake wannan sharaɗi, abokan sana'ata da dama an yi musu, wasu ma za su ce tsantseninka ya yi yawa. Ka faɗa mini gaskiya cewa za ka iya, amma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan da sabuntawa ba. Shawararka ita ce a cire su daga intanet, a hana sa musu filashin waje, su tsaya kan buga rubutu zalla har in samu halin canza su. Haka aka yi, kuma suna aikinsu.

Ka gaishe mini da yaran nan, musamman ƙaramin da ya zauna yana neman direban tsohuwar firintata, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, har ya samo. Allah ya ƙara buɗi, ya sa wa sana'a albarka. In sha Allahu bayan Sallah zan kawo kwamfutar gida ma a duba ta.

Wassalam.

Naka,
Mai shagon buga takardu da hoto,
Birnin Kebbi.