Barka da Takutaha Daga Donostiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba da Umma, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina yi muku barka da Maulidi, barka da Takutaha. Allah Ya maimaita mana, Ya ƙara mana son Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Yau kwanana goma sha biyu a garin nan na Donostiya, a ƙasar Sifaniya. Mun sha yin waya, amma a waya gaisuwa ce ke cinye lokacin, shi ya sa na ce yau sai na zauna na rubuto muku komai a tsanake.

Tun da na idar da sallar asuba hankalina ke gida. Na san yanzu Umma an ɗora tukunya, yara sun sa sababbin kaya suna ta zaryar kai kwanuka maƙwabta, Auta kuma ya ƙosa a sallame shi ya tafi hawan Dala. A nan kuwa ba wanda ya san ana wata sallah. Motocin haya na ta wucewa, kowa da lemarsa, ana yayyafin nan nasu mai laushi da suke kira sirimiri, wanda ba ka jin saukarsa sai ka ga rigarka ta jiƙe sharkaf. Da aka tashi daga aji na kasa komawa ɗaki. Sai na ce tunda Dala ya yi mini nisa, bari in hau dutsen da Allah Ya ba ni.

Sunansa Urgul, yana bayan tsohon gari, tsayinsa mita 123, ga tsohuwar ganuwa da manyan bindigogin da a samansa. Na sa farar shaddar da Umma ta ɗinka mini, na ɗora rigar ruwa a kai, na hau ina salati. Daga sama garin duka a tafin hannunka yake. Teku ta shigo cikin ƙasa ta yi gewaye kamar ƙwarya, sun sa wa wurin suna La Konca, da ɗan tsibirin Santa Kilara a tsakiya, ga kogin Urumeya ya ratsa gari ya zo ya faɗa teku. Na daɗe a tsaye. Idona na kan ruwa, zuciyata na neman Goron Dutse da koren kubbar masallacin Sarki. Umma, ba zan ɓoye muku ba, sai da na yi hawaye. Amma na sauko da sanyin zuciya, na yi muku addu'a ɗaya bayan ɗaya.

Ruwan tekun nan sau biyu a rana yake janyewa ya bar yashi fili guda, yara na buga ƙwallo a kai, bayan 'yan sa'o'i ya dawo ya shafe wurin kamar ba a taɓa taka shi ba. Ranar Lahadin da ta wuce aka yi tseren kwale-kwale, kowane da matuƙa 13 da mai riƙe akala a baya. Ƙauyukan masunta ne ke karawa, kowa da launin rigarsa, gari ya cika maƙil kamar ranar hawan Daushe.

Baba, ga abin da na fi son in ba ku labari. Garin nan suna biyu gare shi, San Sebastiyan da Sifaniyanci, Donostiya da harshen 'yan ƙasa. Su Baskawa ne, harshensu Euskara, kuma masana sun kasa gano masa dangi a cikin harsunan duniya. Masu magana da shi ba su kai miliyan ɗaya ba, Kano kaɗai ta ninka su. A mulkin Janar Franko a Sifaniya, daga 1939 zuwa 1975, an kore shi daga makaranta da ofis, sai iyaye suka riƙa tara yara a ɗakunan gida a ɓoye ana koya musu. Irin waɗannan makarantu su ake kira ikastola, yau ga su ko'ina a fili. A 1968 malamansu suka zauna a wani wuri mai suna Arantzazu suka daidaita rubutunsa. To yanzu a jami'armu, a unguwar Ibayeta, da shi ake koyar da lissafi da kimiyyar kwamfuta da shari'a ga duk ɗalibin da ya zaɓa. Allon titi, takardar asibiti, sanarwar cikin mota, duk da harsunan biyu.

Ranar farko da na leƙa wani aji na ga malami na cika allo da lissafi yana bayani da Euskara, ku na tuna. Shekara nawa kuka yi kuna koyar da Hausa a firamare, ana ce muku darasin cike gurbi ne? Na tuna yadda kuke sa mu sake rubuta shafi guda saboda mun bar ƙugiyar ƙ ko ɗ, mu kuwa muna gunaguni. Karatun da na zo yi, na koya wa na'ura fahimtar harshe, mutanen nan sun daɗe suna yi wa nasu. Da na ce wa wata malamarmu masu jin Hausa sun haura miliyan hamsin, sai ta ajiye alƙalami ta ce in rubuta mata gaisuwarmu a allo. Na rubuta "ina kwana", na ji kamar kuna tsaye a bayana.

Na koyi kalmomi uku nasu: kaixo, wato sannu, ana faɗinta kamar "kaisho", da agur, sai an jima, da eskerrik asko, na gode. Akwai wata tsohuwa mai sayar da burodi a ƙasan benenmu. Kwanakin farko miƙo mini take yi ba ta ko ɗaga kai. Ran da na ce mata eskerrik asko, sai ta tsaya da canjin a hannu, ta dube ni ta saman tabarau, ta yi ta zuba mini magana ban gane ko ɗaya ba. Tun daga ranar take ajiye mini mai zafi.

Batun abinci kada Umma ta damu. Gaskiya ne naman alade a rataye yake a kusan kowane shago, don haka sai na tambaya kafin in ci komai. Amma kifi ya wadata, akwai wainar ƙwai da dankalin turawa, na kuma sami mahaucin halal ɗan Maroko. Shi ya nuna mini ɗan masallacin da nake zuwa Juma'a, inda muke sahu da 'yan Sanagal da Aljeriya da Pakistan. Sai wajen takwas da rabi ake magariba yanzu, kuma agogonmu na gaba da naku da awa ɗaya. Ranar Lahadi shaguna a rufe, na koyi yin cefane tun Asabar. Haya ce dai ke da tsada ƙwarai, ɗaki guda muke biya kamar gida, amma tallafin karatun na isa idan na kama hannuna. Na yi rajistar zama a ƙaramar hukuma, saura katin baƙi.

Ku gaya wa Auta, duk wanda na ce wa daga Najeriya nake sai ya ambaci Umar Sadiq, ɗan Kadunan nan da Real Sociedad, ƙungiyar ƙwallon garin nan, ta saya a 2022. Na wuce ta gaban filinsu na Anoweta, zan turo masa hoto, shi ma ya turo mini na saman Dala na yau.

Idan an sami mai zuwa, Umma a haɗo mini da kuka da daddawa da yaji, wanda na taho da shi ya kusa rabi. A gaishe da Hajiya, a ce mata ina nan riƙe da addu'ar da ta ba ni. A gaishe da Yaya da maigidanta, da Kawu, da Gwaggo, da duk mutanen layi. Ina roƙon ku ci gaba da sa mini albarka.

Wassalam,
Ɗanku mai kewarku.