Rahoton Kwamitin Gyaran Motar Gyaɗa

Assalamu alaikum. Tun da aka kammala aiki ake tare mu a kasuwa da ƙofar masallaci ana tambayar inda kuɗi suka shiga, har wasu na cewa fenti kawai aka shafa. To, ga bayani.

A zaman farko aka amince motar ta zauna inda take a bakin titi, a yi mata daɓen siminti da rumfar kwano. An yi, ba wanda ya ce uffan.

Ƙasan motar ne ya jawo ce-ce-ku-ce. Asalinta Volkswagen Beetle ce, irin waɗanda aka fara haɗawa a Ojo ta Legas a 1975, iyayenmu suka yi mata jiki mai siffar kwanson gyaɗa domin jerin gwanon nunin amfanin gona. Da mai walda ya ɗaga ta, sai ga ƙarfen ƙasan tsatsa ta cinye shi, ko sukudireba ya dangwala sai ta huda. A kan wannan ƙarfen kuwa kujeru suke zaune. Wasu suka ce a yi faci kawai. Faci a jikin me? Kullum matafiya na tsayawa su ɗora yara a ɗauke su hoto, ran da ta burma da ɗan wani, kwamiti za a nema. Sai aka shiga neman wani ƙarfen ƙasan da za a sauya. An duba Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ba a dace ba, sai a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo a Legas. Motar da aka daina ƙerawa tun 2003 a Meziko, duk mai kayanta shi ke yanka farashi, ga kuɗin dako ya hau tun cire tallafin mai a 2023. Wannan kaɗai ya lashe fiye da rabin abin da aka tara. Rasit na hannun ma'aji, mai shakka ya je ya gani.

Muna miƙa godiya ga mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninsa, da Alhajin da ya ba da siminti duka ya kuma hana a ambaci sunansa, da direbobin tasha, da iyayenmu mata da suka kawo ɗaukar adashinsu guda. Allah ya saka da alheri.

Saura shinge da fitila mai sola, don tuni awaki suka mai da rumfar makwanci, wani kuma ya kwance madubin gefe da dare. Mai bulo, mai waya, mai kuɗi, a taimaka a kai wa ma'aji kafin damina ta sauka.