Babana, Kada Ka Raina Mura

Assalamu alaikum, Babana.

Ina fata kana lafiya, ya aiki, ya mutanen Nima a can Accra? Mu nan Aboabo a Kumasi sai godiya, ƙurar hunturu dai ta fara sauka.

Jiya da muka yi waya na ji hancinka a toshe, kana magana kana tari, ka ce mini "mura ce kawai, Umma." Wannan "kawai" ɗin ta hana ni barci. Wani zai yi murarsa mako guda ta wuce. Kai mai asma, ƙwayar bairos ɗin takan sauka har ƙirji, hanyoyin iska su kumbura, su tsuke, majina ta cika su.

Ka manta daren da muka kai ka asibitin Komfo Anokye? Da atishawar kwana 2 abin ya fara. A dare na uku na same ka zaune a bakin gado, ka dafa gwiwoyi, ƙirjinka yana kuka kamar usur, "Umma ki zo" ma ka kasa ƙarasawa. Ni ban manta ba.

Inhelar rigakafin nan mai ruwan ƙasa, ka riƙa shaƙa safe da dare yadda likita ya rubuta, ko kana jin garau, ka kurkure baki bayan nan. Na san halinka, da ka samu sauƙi sai ka jefa ta a durowa. Shuɗiyar kuma, ta lokacin da numfashi ya tsuke, a aljihu take zama. In ka shaƙa ba ta riƙe ka awa 4 ba, ko magana ta gagara, kada ka jira gari ya waye. Asibitin Mamobi yana kusa da kai, lambar gaggawa kuma 112 ce. Ka duba katin inshorar lafiyarka na NHIS ko ya ƙare.

Kada mai kemis ya tura maka amoxicillin, ba ya kashe bairos. Aspirin da ibuprofen suna tayar wa wasu masu asma ciwon, in zazzaɓi ya zo ka tsaya ga parasitamol. A motar haya ta trotro ka sa takunkumi, ka wanke hannu in ka sauka. Maganin sauro na hayaƙi da turaren wuta, ka haƙura da su, ka rataya gidan sauro.

Na ba direba zuma da citta, don maƙogwaro ne, ba su maye gurbin inhela. Ka kira ni bayan Isha'i, numfashinka nake so in ji.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka