Wasiƙa daga Kumasi: kwana biyu a wani tsohon gida a Abetifi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, da kuma sanyin Jamus da kake ta kuka da shi. Mu nan Aboabo lafiya lau, sai godiyar Allah. Hajiya tana gaishe ka, ta ce har yau ba ta ga hoton jaririn ba.

Makon jiya na kai wasu kujeru Abetifi, can saman duwatsun Kwahu. Daga Nkawkaw mota ta fara hawa, hanya tana ta lanƙwasa, har kunnuwana suka toshe. Garin ya haura mita 600 a sama, ana ma cewa babu garin da ya fi shi tudu a Ghana. Ruwa ya tsare ni, mai kayan ya kai ni wani masauki, na ce kwana ɗaya zan yi, na ƙare da biyu.

Ka tuna cocin Ramseyer da ke Adum, wanda muke wucewa in an aike mu? To mutumin da aka sa wa cocin sunansa ɗan Switzerland ne, na mishan ɗin Basel. Asante suka kama shi a 1869, ya zauna a hannunsu nan Kumasi har 1874, kuma bayan an sake shi ya je ya kafa mishan a Abetifi a 1876. Irin ginin mutanensa ya bazu a garin: ƙasa dutse, sama katako, ga baranda mai faɗi. Masaukin nawa haka yake. Matar da ke kula da shi ta ce kakanta ne ya gina, ɗan kasuwa, gidan ya yi shekaru a rufe awaki na kwana a ciki, kafin jikoki su haɗa kuɗi su gyara.

Ka san ni da katako. Kafin in ajiye jaka na durƙusa ina shafa matakala. Katakon itacen odum ne, tsohon odum da ya yi duhu kamar zuma, gara ta gwada ta haƙura. Manyan sandunan da ke riƙe da baranda ba ƙusa ko ɗaya, an huda wannan an zura wancan, aka buga ɗan turken katako ya riƙe su. Abin da ya fi burge ni shi ne aikin mai gyaran. Inda katako ya ruɓe, wurin kaɗai ya yanke ya sa sabo, bai shafa fenti don ya ɓoye ba, kana ganin tsoho da sabo gefe da gefe. Tsakiyar kowane mataki ya lotsa saboda sawun mutane, ya bar shi haka. Wallahi da na ga kafintan nan da na riƙe hannunsa na daɗe ban saki ba.

Da asuba sanyi ya hana ni taɓa ruwa. Ina buɗe ƙofa sai na tarar da bokitin ruwan zafi, matar ta ajiye mini don alwala, ita da ba Musulma ba. Na yi salla a baranda, hazo ya rufe kwarin gaba ɗaya, ba ka jin komai sai zakaru.

A nan ne gidanmu ya faɗo mini a rai, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Kawu ya dage a rushe zaure da ɗakunan baƙi a yi shaguna hawa biyu. Zauren da Kaka yake saukar da fataken goro da na shanu daga Arewa, ya ciyar da su, ya ajiye musu kuɗi, ya nemo musu masu saye. Zauren da ni da kai muka yi karatun allo, aka zane mu tare. Ƙofar nan mai nauyi da muke lilo a kanta tana nan, ita ma odum ce, sai yanzu na lura. Mu 'yan Zango in kuɗi ya zo sai bulo da tayil, kamar jiya abin kunya ce. Mutanen Kwahu sun riƙe nasu, har baƙo yana biya ya kwana a ciki.

Ban ce Kawu ba shi da hujja ba. Rufin yana yoyo, gidan cike yake da marayu, kuma kuɗin haya zai taimaka. Amma na auna wurin. Shaguna uku za su shiga ta gefen titi ba tare da an taɓa zauren ba. Aikin katako duk na ɗauka, ba na son ko sidi ɗaya, kwanon rufi da siminti kawai za a saya.

Ni yaro ne a idonsa, in na yi magana sai ya ce in bari manya su gama. Kai kuwa yana jin maganarka, tun ranar da ka raka shi asibiti yake kiran ka ɗansa. Don Allah ka buga masa waya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin ne yake da sakin fuska. Kada ka ce ni na sa ka. Ka tambaye shi labarin fataken kawai, ka bar shi ya yi ta ba ka, sannan ka kawo zancen zauren. Magina sun ce bayan Salla za su zo.

A gaida maiɗakinka da yara.

Naka har kullum,
abokinka na Aboabo